Ramata 'Yar Wanzami Ta Ajiye Aska

Kafin rana ta hau katangun tsohon garin Agadas, Ramata ta riga ta share tsakar gidanta, ta yayyafa ruwa, ta ɗora tukunya a wuta. Sai ta jawo tabarma zuwa ƙofar ɗaki inda haske yake fara faɗowa, ta ɗauko guntun fatar akuya cikin ragowar da Nomau baduku yake tara mata, ta shimfiɗa shi a cinya. Da wata 'yar aska mai sirin tsinke take zana masa layuka gajeru masu ɗan lanƙwasa, ɗaya kusa da ɗaya, kamar gashi. In ta cika shi sai ta ɗaga shi sama, ta daɗe tana dubawa. Ba ta taɓa fuskar kowa sai ta yi wannan.

Ubanta wanzami ne. Ita kuma ta tsufa tana yi wa amaren garin nan lalle, kafin ta tafi Yamai da furfurarta ta koyo zanen gira a hannun wata mata. Aikin, ga wanda bai sani ba, zane ne da ba ya fita da wanka. Ana tsaga saman fata kaɗan-kaɗan, a sa launi cikin tsagar, kowane layi ya tsaya kamar gashi guda. Tsofaffi in sun ji sai su ce ai jarfa ce, 'yan makaranta kuma su ce tatuwaj. Ramata takan ce duka sun kusa amma ba su kai ba. Jarfar kakanni tana shiga ciki ta zauna har kabari, nata kuwa a sama-sama yake tsayawa, rana da zufa su yi ta cinsa, bayan shekara ɗaya ko biyu ya dushe sai an sabunta.

A watan nan ta ajiye askar. Babu taro, babu maroƙi, shi ya sa ya kamata a faɗi wani abu a kanta tun tana ji da kunnenta. Mafi yawan abin da za a faɗa daga bakin Laraba aka same shi, a rumfarta ta albasa, a zama da dama. An zaɓi Laraba ne don duk unguwar babu wanda ya kai ta zargin Ramata.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, kuma akwai inda ta ɗan zube. Ta nan Laraba take ganin komai in ta hau turmi da sunan shanya. Ta ga fatar nan da layukanta, ta ce mace ba malama ba, ba baduku ba, ta tashi da sassafe tana rubutu a kan fata, in ba laya ba mene ne. Ta ga duk macen da ta fita, sai hayaƙi ya tashi daga wani gwangwani a bayan ɗaki, kuma abin da ake ƙonawa auduga ce mai ɗigon jini. Abin da ya fi tsaya mata shi ne wanda mata ke raɗawa a kasuwa, cewa Ramata ba ta sa wa kowa rana sai ta tambaye ta yaushe za ta yi fashin salla. Garin kuwa cike yake da masu haƙar zinariya, suna shiga suna fita, ana ta labarin irin abin da wasunsu ke kai wa bokaye don rami ya ba su. Laraba ta haɗa fata da jini da tambayar, ta ga lissafi ya fita.

Mijinta Chaibou, mai tuƙa kamiyon ruwa zuwa wuraren haƙa, yakan saurare ta yana shan shayinsa.

"Da jandarma aka ɗauke ki da garin nan ya huta," in ji shi. "Ni da nake kwana da masu haƙar, ban taɓa jin wanda ya samu zinariya da girar mace ba."

"Ai ba za su faɗa maka ba, Malam. Kai ruwa kake kai musu."

Sai maganar Altine mai turare ta ƙara wa abin wuta. Altine ta je a yi mata gira saboda wani biki, Ramata ta dubi goshinta a haske, ta tambaye ta wane mai take shafawa. Da ta ji na ƙara haske ne, ta ce ba za ta yi ba, fatar ta yi laushi kamar ɓawon albasa, aska za ta wuce inda ya kamata ta tsaya. Ta ce ta bar man tukuna har fatar ta dawo. Altine ta fito a fusace, ta bi kasuwa tana cewa matar nan zaɓen mutane take yi, akwai jinin da take so, akwai wanda ba ta so. Laraba ta ba ta wurin zama a kan buhu, ta saurara har ƙarshe.

Ana nan sai abin ya shigo gidan Laraba. 'Yarta Husna, malama a makarantar firamare, tana kunna murhun gaz da safe wutar ta yi sama ta lashe mata gefen fuska. Allah ya tsare idon. Ƙunar ta warke, gashin kai ya tsiro, amma girar hagu ba ta dawo ba, sai wani fili mai sheƙi daga tsakiya zuwa ƙarshe. Husna takan cike shi da kireyo, fensirin gira, kafin ta fita. Zafin Agadas kuwa ba ya barin kireyo, kafin a fita shan iska ya narke ya gangaro, yara su ƙyalla ido su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Ta koma jawo mayafi har kan ido, tana koyarwa da gefe guda na fuskarta a allo. Da aka yi hutun ƙarshen shekara ta ce wa uwarta in an koma ita ba za ta koma ba.

Husna ɗiyar fari ce. Laraba ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "waccan", ko in tana son tsokana ta ce "Madam". Ranar ƙunar ma maƙwabta ne suka kai ta likita, uwar ta biyo baya riƙe da takalmanta, ta tsaya a bakin taga kamar mai jiran wani. Saboda haka da ta ji maganar barin aiki sai ta ci gaba da tsince albasa. Amma ta san yadda yarinyar ta yi karatun nan, da fitilar hannu, a ɗakin da buhuna suka cinye rabinsa. Ranar ba ta iya cin tuwo ba.

Da Husna ta ce tana so ta je wurin Gwaggo Ramata, Laraba ta ce ba da yawunta ba. Ta ce in ma dole ne, akwai wata baƙuwa da ta kafa rumfa bayan tasha da injinta mai ƙara, ita ba ta tambayar kowa komai, ka zauna ta yi maka ka tashi. Har ta fara tunanin ranar da za ta tura ta can, sai ga Altine ta zo sayen albasa da mayafi rufe da goshi. Iska ta ɗaga shi. Laraba ta ga gira biyu masu kauri, baƙi mai shuɗi-shuɗi kamar an shafa kwalta, ta dama ta fi ta hagu tsawo, gefenta a kumbure yana ruwa. Wurin baƙuwar ta je. Baƙuwar kuma ta naɗe rumfarta ta bi mota.

Washegari Laraba tana kan turmi ta ga Altine ta shiga gidan Ramata a sunkuye. Ta jira ta ji gori, ba ta ji ba. Ta ga Ramata ta dubi wurin, ta ɗauki mayafinta, ta sa Altine a gaba suka nufi likita. Duk da haka Laraba ba ta sauko daga zarginta ba, ta ce mai yiwuwa toshe mata baki za ta yi. Sai dai hanya ta rage guda ɗaya, hutu kuma yana tafiya.

"In za ki, ki je," ta ce wa bango, Husna tana bayanta. "Ni ma ina da abin da nake so in gani a gidan nan. Ba don ke zan je ba."

Ramata ta tarbe su kamar kullum suna zuwa. Ta ba su ruwa, Laraba ta ajiye nata ba ta sha ba.

"Maƙwabciya, yau ta ƙofa?" in ji Ramata. "Na saba ganin kanki ta saman katanga."

"Shanya nake yi, Yaya."

"Na sani. Har ranar da babu wanki."

Ta zaunar da Husna a haske, ta wanke hannu, ta taɓa tabon da ɗan yatsa, ta matsa shi a hankali ta saki. Ta tambayi tun yaushe ya warke, ko yana ƙaiƙayi, ko yana tasowa. Ta tambaya ko tana da ciki, ko ciwon sukari, ko wani magani da take sha, ko jikinta irin mai yin ƙari ne in ya ji rauni. Ta sa ta nuna mata hujin kunnenta da wani tsohon tabo a gwiwa. Sannan ta ce ba za ta taɓa ta ba sai likitan da ya yi jinyar ƙunar ya duba ya ce tabon ya gama nuna.

"Kuma ki ji da kyau, ɗiyata. Tabo ba ya riƙe launi kamar lafiyayyar fata. Wani wurin zai kama, wani zai tofar. Ba na yi miki alkawarin girar da Allah ya ba ki. Abin da nake iyawa shi ne wanda ya kalle ki ya kalli idonki, kada ya tsaya a sama."

Husna ta tambaya a hankali ko babu laifi a addini. Ramata ta ce ita ba malama ba ce, ta ji masu hanawa gaba ɗaya, ta ji masu cewa mai lalura daban take da mai neman ƙawa, saboda haka ta je ta tambayi malamin da take bi, ta faɗa masa gaskiyar yadda aikin yake, ta dawo da zuciya ɗaya ko kada ta dawo. Daga nan ta ɗiga ɗan launi a wata 'yar tsaga bayan kunnen Husna, ta ce a bar shi kwanaki a ga ko jiki zai ƙi shi. Ta ɗauki kireyo ta auna daga gefen hanci zuwa ƙwayar ido, ta zana girar hagu tana duban ta dama, ta goge, ta sake. Ta miƙa mata madubi, ta ce ta tafi da zanen gida, ta gan shi da safe, ta gan shi da rana, 'yan gida su gani. In akwai abin da bai yi mata ba yanzu ne lokacin faɗa, tun ana iya gogewa da yawu.

Sai ta rage murya ta tambayi yaushe za ta yi fashin salla.

Laraba ta miƙe zaune. Abin da ta zo ji ke nan.

"Wannan tambayar fa, Yaya? Me ya haɗa gira da wannan?"

"Sau nawa kike wanke fuska a yini, maƙwabciya?"

"Kamar kowane Musulmi."

"To tsagar nan ba ta son ruwa har sai bakinta ya rufe, kusan mako. In ta jiƙe, launi ya fita, ƙazanta ta shiga. Ni kuma ba zan ce wa ɗiyar mutane ta yi alwala ta tsallake gira ba, ba zan ce ta bar salla saboda aikina ba. Sai na jira kwanakin da aka ɗauke mata. Ya fi ɗan zafi a lokacin, ina faɗa musu. Wadda ba ta yin fashi kuma sai ta je ta ji daga malaminta yadda za ta yi."

Laraba ta juya maganar ta kowane gefe tana neman inda ta ɓule, ba ta samu ba. Hakan ma ya ƙara ba ta haushi.

"Audugar fa da kike ƙonawa?"

"In na zubar a juji, awaki su ci, yara su ɗauka. Ranar aikin zan ba ki gwangwanin ki ƙona da hannunki. Tokar ma ki tafi da ita."

"Zan tafi da ita kuwa."

Likita ya duba ya ce tabon ya nuna. Bayan kunne bai kumbura ba. Husna ta je wurin malaminta ta dawo ta ce ta ji abin da ya kwantar mata da rai, ba ta ƙara ba, babu wanda ya matsa mata. Sau biyu ta sa aka rage tsawon zanen.

Ranar aikin Laraba ta rufe rumfa, abin da ba ta yi ko ranar suna. Ta zauna dab da kan 'yarta ta ce daga nan ta fi ganin hannun Ramata. Ramata ta sa safar hannu, ta miƙa mata askar a cikin leda a rufe ta ce ta duba ko an taɓa buɗewa, sannan ta yage ledar a gabanta. Ta zuba launi a ɗan ƙaramin murfi, ruwan ƙasa mai duhu, ta ce baƙi wuluk yana juyewa shuɗi a fatarmu in ya kwana biyu. Ta shafa maganin kashe zafi ta jira. Da ta fara, babu abin da ake ji sai ɗan ƙaras-ƙaras kamar ana kankare ƙwarya. Ba ta magana in tana aiki. Takan ja layi, ta goge, ta ja da baya ta dubi girar dama, ta dawo. Hawaye ya gangaro wa Husna ta gefen ido zuwa kunne. Laraba ta ga hannunta ya kai kan yarinyar ba da saninta ba, sai ta yi kamar mayafi take gyara mata, ta bar hannun a wurin har aka gama.

Ta ƙona audugar da kanta, ta ƙulle tokar a bakin zane. Askar kuwa ta ga an jefa ta cikin wata kwalba mai murfi wadda Ramata ke kaiwa likita in ta cika, su ƙona da nasu.

Ramata ta yi wa Husna bayani dalla-dalla, ta sa ta maimaita. Kada ruwa, kada kwalli ko hoda a wurin, kada ta tsaya a rana ko kan murhu, in ya yi ɓawo kada ta ɓantare ko ƙaiƙayi zai kashe ta. Zai yi duhu da farko, sannan ya zube, sannan ya yi kamar ya ɓace. Laraba tana wurin aka faɗi wannan, amma hankalinta yana kan gwangwani.

Kwana biyu girar ta yi baƙi ƙirin, ta fi 'yar uwarta nesa ba kusa ba. Laraba ta tuna Altine. Sai ɓawo ya fara zuba kamar dusa. Da ya gama zuba, wurin ya yi fari-fari, layukan da ƙyar ake ganinsu. Husna ta dubi madubi ta kife shi, ta jawo mayafi kan ido kamar da. Komawa makaranta kuwa ta matso, har an fara ɗinka wa yara kaya.

Laraba ba ta bi ta ƙofa ba, ta katanga ta yi magana.

"Yaya Ramata, kin yanka fuskar yarinya, kin ɗebi jininta, abin da kika sa kuma ya tafi. Ki faɗa mini me kika yi da ita."

Ramata tana tankaɗe, ba ta ɗaga murya ba.

"Sabuwar fata ce ta rufe shi. Yana ƙasa. Albasarki in kin binne ta, kina tono ta kullum ki ga ko ta tsiro?"

"Albasa ba ɗiyar mutum ba ce."

"Gaskiyarki. To ki riƙe tokar nan da kyau. In wata ya zagayo bai fito ba, ki kai ni gaban mai unguwa, ni zan riƙe miki mayafi a hanya."

Laraba ta ce za ta kai ta kuwa. Kwanakin nan kullum da safe takan aiki Husna ta ɗauko wani abu a tsakar gida inda haske yake, ta saci kallo. Chaibou ya ce matar nan ta koma kallon wata a fuskar 'yarta. A hankali layukan suka fara tasowa, kamar rubutun da ke bayan takarda in an ɗaga ta a rana. Can ƙarshen tabon, inda ya fi sheƙi, launin bai kama ba, kamar yadda aka faɗa tun farko. Da lokacin gyara ya yi Ramata ta sake bin wurin, ta cike abin da ya samu cikewa, ta bar wanda ya ƙi.

Ranar komawa Husna ta ɗaura kallabinta a inda take ɗaura shi da, ta fita. Laraba ta ce tana da saƙo a wajen makarantar, ta bi ta nesa-nesa da kwandon albasa a ka. Ta tsaya bayan taga ta ji muryar da ta fi shekara ba ta ji ba, tana tsawata wa wani yaro a kan surutu, fuskarta gaba ɗaya tana duban aji. Ta juyo gida da kwandonta, ko ɗaya ba ta sayar ba.

Ramata, ke ce kika san ana leƙenki ta katanga shekara da shekaru, ba ki taɓa ɗaga ginin ba. Ke ce kika mayar da mata gida hannu wofi, mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon sukarin da bai kwanta ba, mai biki gobe, kin san da bakin da za su fita. An kira ki abin da aka kira ki, kika ci gaba da yin tambayar da ta jawo miki sunan, don ba ki yarda aikinki ya shiga tsakanin mace da sallarta ba. 'Yar wanzami, mai sanyin hannu, akwai fuskoki a garin nan da babu wanda ya san kin taɓa su, kuma hakan kike so.

Bana girar Husna ta dushe, lokacin sabuntawa ya yi. Ta shiga wurin Gwaggo, ta fito ta ce wa uwarta an ce ba za a yi ba. Laraba ta ajiye abin da ke hannunta. Dama ta san za a rina, in ji ta, matar nan ta riƙe maganar katanga a ciki, ta jira sai da aka saba da girar sannan ta rama a kan yarinya. Wannan karon ta ƙofa ta shiga, ko sallama ba ta gama ba.

Ramata ta shiga ɗaki ta fito da guntayen fata guda biyu ta ɗora mata a hannu. Ɗaya tsoho ne, layukansa a jere kamar gashin jariri. Ɗaya na safiyar ranar ne. Laraba ta ɗaga shi a haske yadda ta sha ganin ana yi. Layukan suna farawa daidai, sai can wajen ƙarshe kowanne ya ɗan karkace, wasu sun nutse sun huda fatar.

"Layar taki ke nan," in ji Ramata. "Tun sanyin bara hannun ya fara yi mini gardama. Na ce ko gajiya ce, na ba shi lokaci. Akuyar nan ta riga ta mutu, ba za ta kai ni ƙara ba. Fuskar ɗiyarki kuwa da ita take cin abinci."

Laraba ta daɗe tana juya fatar. Sannan ta tambayi wa zai yi, tunda makaranta ba ta jira.

Ramata ta kira Souwaiba, matar da ta daɗe tana koyo a hannunta, wadda ta cika buhu da guntayen fata kafin a bar ta ta taɓa mutum. Ta ce ita za ta zauna a gefe, idonta bai mutu ba tukuna. Laraba ta dubi Souwaiba daga sama har ƙasa.

"Kawo naki fatar ta yau in gani. Askar kuma a gabana za ki buɗe ta. Launin wane iri ne? Za ki gwada bayan kunne ko kuwa sauri kike yi? Kin ma tambaye ta ranar?"

Souwaiba ta dubi malamarta. Ramata tana dariya har tana riƙe ciki.

"Amsa mata," ta ce. "Duk wadda ta zo ba ta yi miki waɗannan tambayoyin ba, ke ki koya mata su."

An yi aikin, ya kuma yi kyau. Yanzu duk macen da ta tsaya sayen albasa ta ambaci gira, sai Laraba ta zaunar da ita a kan buhu ta karanta mata abin da za ta tambaya kafin ta ba kowa fuskarta, ko wace ce, ko daga ina ta zo da injinta.

Mun gode, Ramata. Allah ya huta da hannun nan, ya bar miki idon, ya sa abin da kika rufa wa 'ya'yan mutane ya zama rufin asirinki. Masu aski da masu allura, masu ɗinki da masu tuƙi, duk wanda jikin wani ke shiga hannunsa, ya samu guntun fatarsa da zai gwada kansa kowace safiya, ya kuma iya ajiyewa ranar da layin ya karkace, tun kafin wani ya faɗa masa.

Da aka tambayi Laraba ko yanzu ta yarda da maƙwabciyarta, ta ce ita ba ta ce ba. Tokar tana nan a ƙulle cikin kwallarta. Sai dai turmin ya bar gindin katanga, kuma duk motar da ta sauko daga gonakin Tabelot, albasar da ta fi kyau ta wurin zubewar nan take tsallakawa zuwa gidan Ramata.